Sojojin Robar Josiah

Greensboro, 4 ga Agusta

Zuwa ga Malam Chaïbou,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali in kana da su. Ba ka san ni ba. Sunana Zipporah Gregory, ni ce mahaifiyar Josiah.

Ƙunshin da ka aiko ya iso ranar Alhamis. Da na ga sunan ɗana a kai sai na ɗora shi a kan firji, kwana uku ban iya buɗewa ba. Yau bayan coci na buɗe, na tarar da 'yan kwalaben fenti huɗu da takardarka. Da a ce da Turanci ka rubuta, da fasto zan kai wa ya amsa maka. Sai na ga Hausa, har da zagi. Ka ce masa, “Matsoraci, ina ka shige wata biyu, ko tsoron Nuwamba ne ya kama ka?” Na yi dariya, ita ce ta farko tun watan Yuni. Daga nan na zauna a ƙasan kicin na daɗe.

Malam Chaïbou, Josiah ya rasu ranar tara ga Yuni. Ban sani ba ko ya taɓa gaya maka yana da sikila, don ba ya son faɗa. Ciwon ya tashi masa ranar Laraba a wurin aiki, ya kama masa ƙirji, zuwa Lahadi Ubangiji ya karɓi abinsa. Shekararsa talatin da ɗaya. Shi kaɗai gare ni. Babansa ya riga shi tun muna Kafanchan.

Wayarsa a kulle take, kwamfutarsa ma haka, shi ya sa ban iya sanar da mutanensa ba. Gaskiya ma ban san yana da mutane ba.

A ɗakinsa akwai kabad na gilashi, cike da 'yan sojojin roba, kowanne bai kai babban yatsana ba. Na ƙirga su, hamsin da biyu ne. Shekara bakwai yana sunkuye a kansu da burushi mai tsinin allura. Ni kuwa kunya abin yake ba ni. In matan coci suka tambaya me Josiah yake yi a ɗaki, sai in ce aikin kwamfuta ne. Ban taɓa tsayawa na dube su da kyau ba.

Ina roƙonka abu biyu. Ka gaya mini wane irin wasa ne wannan, kuma mene ne Nuwamba. Sannan in kana son sojojin, ka faɗa. Ba na so su tafi hannun wanda zai zuba su a shara.

Ka yi haƙuri da rubutuna, iyakata aji biyu na sakandare.

Ka huta lafiya.
Maman Josiah

Montréal, 14 ga Agusta

Zuwa ga Mama Zipporah,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina yi miki ta'aziyya. Allah ya ba ki haƙuri, ya sanyaya miki zuciya. A tsaye na karanta takardarki a bakin akwatin wasiƙu, na kasa hawa bene har maƙwabcina ya tambaye ni ko lafiya. Ki yafe mini zagin da kika gani. Ni da shi haka muke gaisawa.

Ni mutumin Damagaram ne, shekarata goma sha ɗaya a nan, aikina gyaran ascenseur, na'urar da ke hawa da mutane bene. Ban taɓa ganin Josiah ido da ido ba. Shekara biyar da suka wuce, a wani zauren intanet inda dubban masu wannan wasa ke taruwa, ana ta musu da Turanci, sai na ga wani ya rubuta can ƙasa: “Ku dai surutu ya yi muku yawa.” Na ɗauka idona ne. Na amsa masa, “Kai ma ai ka zo.” Tun daga ranar, duk Asabar bayan azahar muke karawa ta kwamfuta. Bai taɓa ambata mini sikila ba. In ya ɓace mako biyu sai ya ce aiki ne ya yi yawa.

Ga yadda wasan yake. Mutum biyu suna jera rundunoninsu a kan babban tebur da aka yi wa duwatsu da gidaje na kwali. Da tef ake auna tafiyar kowane soja, a jefa dayis irin na ludo a ga wanda ya faɗi da wanda ya tsira. Kowa shi ke harhaɗa sojojinsa ya yi musu fenti da hannunsa. A da ke nan. Yanzu kamfanin da ke ƙera su yana sauya ƙa'idoji duk bayan wata uku, mutane kuma sun koma bin wadda ta fi ci. Su saya, su ba wani ya fenta musu, in ƙa'ida ta juya su rabu da ita. A zauren kuwa daga faɗa sai gori.

Rundunar Josiah, masu mashi da garkuwa, ita ce ta ƙarshe a jeri. Cikin wasa goma da ƙyar take cin uku. An yi masa dariya har an gaji, bai canja ba. Ya taɓa ce mini shi ba ya yar da abu don kawai an ce ba zai daɗe ba. Sai yanzu na gane maganar.

Kamfanin ya sanar cewa daga watan Janairu za a cire irin wannan runduna daga gasa gaba ɗaya. Gasar ranar biyu ga Nuwamba, a shagon wani Bature mai suna Seth, nan garinku, ita ce ta ƙarshe da za ta iya shiga. Josiah ya riga ya rubuta sunansa. A can muka shirya haɗuwa karo na farko.

Ba na so ki ba ni su, Mama. Aro nake nema, na yini ɗaya. Na yi magana da Seth, ya yarda in zauna a kujerar Josiah in yi wasa da sunansa. Sharaɗinsu ɗaya ne: duk sojan da zai hau tebur dole ya zama da fenti, aƙalla kala uku. Wannan kuwa ba damuwarmu ba ce, na Josiah sun fi na kowa kyau.

In abin ya yi miki nauyi, ki ce a'a, ba zan ji komai ba.

Naku cikin ladabi,
Chaïbou

Kafanchan, 25 ga Agusta

Zippo ƙanwata,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Tunda kin ce kuka yana ƙwace miki murya a waya, ga ni na nemo biro, zan ɗauki hoton takardar in turo miki kamar yadda kike yi mini. Muna lafiya. Ruwa ya yi yawa bana, katangar bayan gida ta zube, akuyar maƙwabcinmu Shekari tana shigo mini kamar tana biyan haya.

Na karanta labarin mutumin Kanada. Ikon Allah. Wato akwai ƙato na biyu a duniya mai wasa da 'yartsana, har ya hau jirgi dominta. To, ban ce ki hana shi ba. Ki ba shi ma duka ya tafi da su, ki huta da ganinsu.

Amma ki ji ni da kyau. Wata uku ya kusa, kin san yadda muke yi. Kayan mamaci ana fitar da su, a wanke tas, a raba. Haka muka yi da na mijinki Gregory, haka muka yi da na Mama. Kada ki miƙa wa baƙo kaya da ƙura da zufan hannun mai shi, ya koma ƙasarsu ya ce matan Kagoro ƙazamai ne.

In kin gama, ki rufe gidan nan ki zo Kirsimeti. Me ya rage miki a can? Daga aikin warehouse sai ɗaki, daga ɗaki sai warehouse. Ko maƙwabcin da zai ƙwanƙwasa miki ƙofa ba ki da shi. Nan aƙalla akwai wanda zai ɓata miki rai.

Yayarki,
Celina

Greensboro, 28 ga Agusta

Ɗana Chaïbou,

Ina gaishe ka, ya aiki? Ka bar ni in kira ka haka.

Na karanta takardarka sau huɗu. Na yarda. Ka zo. Akwai ɗakin Josiah, amma in ba za ka iya kwana a ciki ba na gane, akwai masauki a kan titin Wendover kusa da mu. Ba na dafa naman alade, kada ka ji komai.

Kada ka nemi lambar wayata tukuna. A takarda ina iya ajiye biro in share fuska in dawo.

Na fara fitar da kayansa. Riguna sun tafi coci, takalma sun yi wa ɗan fasto daidai. Sojojin kuwa zan gyara maka su kafin ka zo, don ka same su fes.

Allah ya kawo ka lafiya.
Maman Josiah

Montréal, 4 ga Satumba

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Na gode, na gode ƙwarai. Na riga na ɗauki congé a wurin aiki, hutun kwana huɗu.

Ina sauri ne saboda kalma ɗaya a takardarki. Kin ce za ki gyara su. Don Allah kada ki sa musu komai, ko ruwa, ko sabulu. In ƙura ce, burushi mai laushi ya isa. Ki bar su yadda suke a kabad.

Amma ki buɗe ki ɗauki ɗaya ki kai shi bakin taga. Ki dubi mayafin da ke bayansa. Ban sani ba ko ya taɓa nuna miki. Shuɗi ne da 'yan ƙananan ganye rawaya da ɗigon fari. Zanen zumuntar mata ne naki, wanda kike ɗaurawa ranar taron coci. Ya ɗauki hotonsa a kan igiyar shanya, ya kwafe shi a bayan kowane soja, duk hamsin da biyun. Kowane mayafi yana cin masa yini guda. A zaure an tambaye shi tutar wace ƙasa ce, ya ce ta wadda ta fi kowa taurin kai a North Carolina.

Na ga ya kamata ki gani da idonki kafin baƙi su gani.

Naku,
Chaïbou

Greensboro, 15 ga Satumba

Chaïbou,

Ina gaishe ka. Ban san ta inda zan fara ba, bari in faɗa kai tsaye. Na wanke su.

Takardarka ta iso ranar Alhamis. Ni kuwa tun Juma'ar da ta gabace ta na yi ɓarnar.

Ka gane, tun Josiah yana jariri likita ya ce mini ƙaramin ciwo zai iya kashe shi. Daga ranar komai nasa da detol nake wankewa. Ruwan wankansa, tawul, kofin shan ruwa, har ƙwallon da yake wasa da ita a tsakar gida. Shekara talatin da ɗaya hannuna bai san wata hanya ba. Da na fito da sojojin na ga ƙura a kansu da maiƙon yatsa, ban ma yi tunani ba. Na jera su a baho, na zuba detol ya rufe su, ban ƙara ruwa sosai ba don su fita da kyau. Na tafi aiki. Asabar na yi shift biyu. Sai Lahadi bayan coci na tuna.

Ruwan ya zama kamar na kwata. Na ɗauki ɗaya, fentin ya saɓule a yatsana kamar fatar tumatir da aka zuba wa ruwan zafi. Na rikice, na kai su famfo, abin ya ƙara damewa ya yi danƙo. Na ɗauko tsohon burushin haƙori ina gogawa, wai ko na sama ne kawai ya lalace, na ƙasa yana nan. Babu na ƙasa. Duk sun koma toka-toka, kamar ba a taɓa taɓa su ba.

Kwana huɗu ina neman yadda zan gaya maka. Sai ga takardarka da maganar zane.

Na buɗe akwati na fito da zanen. Na shimfiɗa a kan gadonsa, na jera su a kai, na zauna. Shekara bakwai abin yana bayan gilashi, taku biyar daga ƙofar ɗakina. Sau nawa ya ce, “Mama, zo ki ga wani abu,” in ce masa hannuna da ruwa. Ban taɓa gani ba, Chaïbou. Yanzu kuma ba zan gani ba.

Ba wani ne ya yi mini ba. Da hannuna na goge hannunsa.

Ka ce ba a hawa tebur sai da fenti. To ga halin da ake ciki. In ka fasa zuwa, ba ka yi laifi ba.

Maman Josiah

Greensboro, 26 ga Satumba

Ɗana Chaïbou,

Gaisuwa. Ban ji daga gare ka ba, kuma ban ga laifinka ba. Ina rubutawa ne don ka san inda aka kwana.

Ranar Talata ta makon jiya na zuba su a jaka na nemi shagon Seth. Yana bayan wani wurin sayar da taya, na wuce shi sau biyu. Da na shiga, samarin da ke kan tebura suka juyo, sun ga tsohuwa da ɗankwali. Seth ƙato ne mai gemu har ƙirji. Da na faɗi sunana ya zagayo ya riƙe hannuna da hannu biyu. Na buɗe jakar. Ya sunkuya ya shinshina, sai ya nemi kujera.

Ya ce, “Mama, wannan maganin ai shi wasunmu ke nema in suna so su cire fenti. Kin yi aiki mai tsabta. Ban taɓa ganin wanda ya fita haka ba.” Sai ya gane abin da ya faɗa, fuskarsa ta yi ja har kunne.

Ya nemi izini ya sa labarin a zaurenku, na ce ya sa. Kwana biyu ya kira ni ya ce mutum goma sha ɗaya sun ce a raba musu su fenta. Wata mata a Texas, wai gwana ce, ta ce a aiko mata duka, za ta yi su fiye da na da.

Na ce a gode musu, amma a'a. Ba na son fiye da na da. In hannun Josiah ya tafi, gara hannun da ya yi ɓarnar ya biya. Seth ya ce kwana arba'in ba za su ishi ko gwani ba. Na ce ya koya mini kawai.

Ya koya mini. A fara fesa musu baƙi. A dama fenti da ɗigon ruwa ya yi kamar koko mai ruwa-ruwa, a shafa sau biyu, kada a yi sau ɗaya mai kauri. Na farko ya ci mini awa huɗu, ya fito kamar wanda ya faɗa tukunyar manja. Na biyu idonsa ɗaya yana kan kunci. Na daina yi musu ido.

Ina tashi in yi ɗaya kafin aiki, a kujerarsa, da tabaraun karatuna biyu a haɗe. Yanzu ina da tara. Ko ka zo ko ba ka zo ba, zan ci gaba.

Ka gaida mutanen gidanka.
Maman Josiah

Montréal, 2 ga Oktoba

Mama,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafara. Ba zan yi miki ƙarya ba, na yi fushi. Na ajiye takardarki a aljihun rigar aiki kwana tara. Sai ranar nan ina cikin ramin ascenseur na tambayi kaina, wai ni da wa nake fushi? Ni hoto kawai na rasa. Na ji kunya ƙwarai.

Gara da ba kya shiga zauren. Maganganu sun haura ɗari shida. Wasu sun yi dariya. Wani ya ce ba a yi asara ba tunda rundunar dama ba ta ci, aka taru a kansa, daga nan faɗan ya koma kan wane magani ya fi cire fenti, aka manta da ke da Josiah gaba ɗaya. Haka muke, Mama, sai haƙuri.

Amma akwai wani mutum, ban san sunansa na gaskiya ba, wanda ya fi kowa yi wa Josiah gori shekara da shekaru. Bai shiga faɗan ba. Ya bi zauren tun daga farko ya tattaro duk hoton da Josiah ya taɓa sawa, ya turo mini ba tare da ko gaisuwa ba. Ashirin da uku ne. Na wanke miki su, suna cikin ambulan ɗin nan. Na bakwai shi ya fi nuna mayafin.

Shawarata: ki fara da masu mashi, ki bar masu tuta a ƙarshe. Kada ki kashe idonki. Duk adadin da kika gama, da su zan shiga. In ashirin ne, ashirin. Za a fi mu yawa, to, dama an saba.

Ina nan zuwa in sha Allah.

Ɗanki,
Chaïbou

Greensboro, 5 ga Nuwamba

Yaya Celina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya katanga, an gyara? Kin ce in ba ki labari kada in rage komai, to ga shi.

Talatin da bakwai na gama. Sha biyar suka rage a gida da baƙin fenti kawai. Ganyen zanen ya gagare ni, na gwada a kan uku suka zama kamar an zubar da ƙwai. Sai na yi mayafan shuɗi zalla, ni kuma na ɗaura zanen na tafi da shi.

Chaïbou gajere ne, mai sanƙo, ba kamar yadda na zana shi a raina ba. A filin jirgi ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, Turawa suna kallo. Bai iya kwana a ɗakin Josiah ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe, ya ce masauki zai fi.

Mutum ashirin da huɗu ne a gasar. Kafin a fara Seth yana duba fentin kowa. Na riga na gaya masa kada ya yi mini alfarma, bai kuwa yi ba. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a gaban fitila. Ya ware guda ya ce wannan kala biyu ce, na manta sandar mashin. Na ari burushi a wurin wata yarinya mai koren gashi na shafa masa ruwan ƙasa nan take, Chaïbou yana hura masa iska da baki. Ya wuce.

Yaya, da kin ga na sauran. Wasu har inuwa suke da ita a fuska. Nawa a gefensu kamar yaran da aka yi wa ankon Kirsimeti a gaggauce. Amma suna tsaye.

Wasa uku ake yi, kowanne kusan awa uku. Na farko an share mu kafin in gane inda gaba take. Da rana na buɗe kular shinkafa da na kawo, samarin nan suka ci suna hawaye saboda yaji suna ƙari. Chaïbou ya yi sallarsa a ɗakin ajiya tsakanin kwalaye. Na biyu ma aka ci mu. Mutumin da ya ci mu ya ce wa Chaïbou me ya sa bai ari sojoji ya cike gurbin ba, ai ƙa'ida ta yarda. Chaïbou ya ce, “Waɗannan ne suka zo.”

Na uku ne ya yi zafi. Can ƙarshe saura mana soja huɗu a kan wani tudu, in suka tsaya mun ci. Mutane sun bar teburansu sun kewaye mu. Chaïbou ya miƙo mini dayis ya ce, “Mama, biyar ko shida muke nema.” Na ce ni ban taɓa caca ba. Ya ce, “Ba caca ba ce, yaƙi ne, jefa.” Na jefa. Biyu ta fito.

Ya riƙe kai ya ce, “Wallahi gado ne. Hannunki irin na ɗanki, ba sa'a ko ta kobo.” Na ce, “Kai da ka jera mini su kamar masu layin fetur, me kake so dayis ya yi maka?” Ya yi dariya har ya share ido, daga nan kuma ba dariyar ba ce, na ba shi gefen mayafina.

Mu ne na ashirin da huɗu. Seth ya ciro takardar sakamako daga bango ya ba ni. A layin ƙarshe an rubuta Josiah Gregory, wasa uku. Ba a rubuta marigayi ba, ba a rubuta komai ba, kamar dai ya zo an ci shi ya koma gida.

Jiya na kai Chaïbou jirgi. Na dawo na tarar da gidan yadda na bar shi. Na dafa shinkafa ta mutum biyu ban sani ba.

Maganar Kirsimeti, ki yi haƙuri, Yaya. Ba bana ba. Kuma kada ki sake cewa ke kika sa ni wankin. Ko ba ki faɗa ba da na wanke.

Ƙanwarki,
Zipporah

Greensboro, 12 ga Janairu

Ɗana Chaïbou,

Barka da sabuwar shekara. Ya sanyi? Na ji naku ya fi namu mugunta, ka riƙa rufe kan nan naka.

Seth ya ce sabuwar ƙa'idar ta fito, an cire su kamar yadda ka faɗa. Ya tambaye ni ko na san sauran ba za su taɓa hawa tebur ba. Na ce na sani.

Ina yin su duk da haka, ranar Lahadi bayan coci, in rana ta shigo ta tagarsa. Hannuna ya fara faɗawa, yanzu ina iya gama ɗaya kafin la'asar. Wannan ne ma ya tsorata ni. Saura tara.

Daga yau rabin soja zan riƙa yi.

Ka gaida gida.
Mamanka,
Zipporah